Idanun da Injiniya Ya Kafa

Injiniya ake ce masa, da zolaya, don bai taɓa karatun aikin ba. Sana'arsa kafa kyamarorin tsaro a shaguna da tituna, irin waɗanda ba a ja musu waya: kowacce ta miƙa hoton da ta ɗauka ga ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa allon mai gadi. Sai dai nasa ba su da ƙarko. Hoto ya daskare, ɓarawo ya wuce, mai shago ya zo har gida ya wanke shi tas a gaban matarsa. Ita kuwa takan ce masa kyamarorinsa sun fi mai gadi iya barci.

Zuciya ta ɗebe shi, ya nufi wani boka da ke zaune a bayan wurin masu tsoffin ƙarafa. Da rana tsaka ya shiga, amma ɗakin duhu ne ƙirin. An rataye busassun idanun dabbobi a kirtani daga bango zuwa bango, ga fasasshen madubi a cikin ƙwarya, hayaƙi mai ƙauri yana tashi daga kasko. Bokan bai ɗago kai ba. Ya karɓi kyamara ɗaya da Injiniya ya zo da ita, ya shafe gilashinta da wani baƙin maiƙo, ya ce daga yau duk wadda ta haɗu da wannan ba za ta ƙara runtsawa ba.

Injiniya ya ce shi fa ba zai ba da mutum ba, ko yatsa.

"Wa ya tambaye ka mutum?" in ji bokan. "A ina kake gwada su kafin ka kafa?"

"A tsakar gidana."

"To, ka ci gaba yadda ka saba."

Ya fito yana ganin ya yi ciniki da arha.

Aiki ya buɗe. Kasuwa ta kira shi, tasha ta kira shi, unguwanni suka yi layi. Ya yi mota, ya ɗaga bene, masu zolaya suka koma gaishe shi da rusunawa. Ɗabi'arsa kuwa ba ta sake ba: duk sabuwar kyamara sai ya kunna ta a tsakar gida, ya ce wa wanda ke kusa ya ɗaga hannu ya gani ko hoto ya fito sarai. Inna, mahaifiyarsa, ita ta fi yawan zama a wurin, takan ɗaga hannu tana dariya tana cewa a ɗauke ta da kyau. Wata safiya aka same ta a kan tabarmarta, idanu a buɗe, aka yi aka yi su rufu suka ƙi. Bayan ita sai ƙanensa ya fara lulluɓe kai da bargo, yana cewa ana kallonsa ta cikin bango. A ɗaure ya ƙarasa.

A nan Injiniya ya gane abin da ya sayar. Saura matarsa da 'yarsu guda, Auta, wadda ta sha tsalle a gaban kyamarori tana gwalo. Ya ciccire na gidan duka ya farfasa. Da ya duba allo, ga tsakar gidansa nan, ga Auta tana wasa. Kyamarar kan sandar fitilar titi ce ke leƙowa. Ya hau tsani ya cire ta, ta shagon tela ta karɓa. Haka aka ƙera su: in ɗaya ta mutu, sauran su nemi wata hanya. Da wannan yake yi wa masu saye alfahari.

Ya koma wurin bokan ya zube, ya ce a karɓi motar da benen, a karɓe shi ma in ana so.

"Kai ba ka taɓa tsayawa a gabansu ba," in ji bokan. "Kullum a baya kake. Ba su san ka ba."

Matarsa ta ɗauki Auta ta koma gidan yayarta a can ƙarshen gari. Kafin ta fita ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa: "Baban Auta, akwai layin da ba ka kafa ba?" Babu kuwa ko ɗaya. Yarinyar ba ta kai ƙarshen wata ba. Matar ba ta dawo ba, ba ta kuma aiko da magana ba.

Yanzu yana nan a bakin titi, ba takalmi, yana jifan sanduna da duwatsu. 'Yan kasuwa sukan kore shi kada ya fasa musu kayan tsaro, suna yabon aikin, wai tun da aka kafa ba a ƙara sata ba. Masu sana'ar da suka gaje shi kuma suna ta haɗa sababbi a kan nasa.

Kai mai sana'a da kake jin haushin jinkiri, ka tsaya a kan guminka. Wanda zai ba ka arziki dare ɗaya ba zai faɗa maka farashi ba, tambayarka kawai zai yi inda iyalinka ke zama, kai kuma da bakinka za ka faɗa masa.