Injin Malam Tukur da Ɗan Tsuntsun Rasiɗi

Ban ruwa uku albasar Malam Tukur na Mandera ke bin shi bashi ranar da yat taho ofishin 'yan sanda na Shagari, yana jaye da wuyan rigar Haliru mai sai da tsoffin injuna. Bayansu wani mai baro na turo injin ban ruwa, an yi mai sabon fenti kore shar.

Sufeto Sama'ila Dingyadi ya aje kofin shayinai yaf fito kanta.

"Baba, sakam mai riga. Mi yaf faru?"

"Ranka shi daɗe, injina na! Daren Talata anka ɗauke shi bakin fadama. Yau ina wucewa kasuwa nij ji wanga mutum ya tada shi. Shekara shidda ina jin tarinai, ko ina kwana na san shi!"

Haliru ya gyara wuyan riga, yaz zaro takarda. "Yallaɓai, ga rasiɗi. Wani mutumin Kajiji yas sai man. Shi wanga tsoho ina nashi?"

Tukur ba shi da rasiɗi. Hannu da hannu yas saye, shaidunai biyu, duka sun riga mu gidan gaskiya. Amma yac ce ya yi mai shaida, zane uku kusa da lambar injin, irin wanda ubanai ke yi ma shanu a cinya.

Sufeto ya duƙa yad duba. Wurin sumul. Kofur da ke kanta har da ƙyalƙyala dariya.

"A kira Tasi'u bakanike," in ji Tukur. "Shi ka gyara man shi. Ko makon jiya yana garejinai."

Anka kira Tasi'u. Yaz zo yana shafe baƙin mai a wando, ya zagaya injin sau biyu, yag girgiza kai.

"Yallaɓai, ba shi ne ba. Ni rabona da injin Baba Tukur tun bara. Tsufa ne, a yi mai haƙuri."

Tukur ya ƙura ma Tasi'u ido. Mutumin da duk kaka sai Tukur ya kai mai albasa kwando guda har gida, ba don an tambaya ba!

"Sufeto," yac ce daga baya, "in albasata ta kai jibi ba ta sha ruwa ba, a bar ni da injin ko a hana ni, duk ɗaya na."

Sufeto ya shiga ofis da rasiɗin, yak kai shi bakin taga. Lambar inji daidai. Kwanan wata na shekara biyu da sunka wuce. Takardar ta sha murza, har da ɗigon manja, don ta yi kama da tsohuwa. Amma can ƙasa, a kusurwa, ga wani ɗan tsuntsu kamar ƙwayar gero, da ɗan rubutun Turanci gefenai.

Shagon kwamfuta uku yab bi cikin Shagari. Biyu sunka ce ba su san tsuntsun ba. Na ukkun ya yi dariya.

"Wanga tambarin manhajar kyauta ne, Yallaɓai. Masu ita sun ba ka kyauta, su kuma su manna tsuntsunsu ga kowace takarda. Ka tafi Bodinga wurin Safinatu. Duk abin da anka ce kyauta ne sai ta sauko da shi ta gwada."

Ya hau babur, bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sandan Bodinga, yas sanar da su, sannan yan nufi shagon.

Safinatu mace ce siririya mai tabarau, kwamfutoci biyu da firinta guda ke gareta. Kafin Sufeto ya zauna ta fara nuna mai manhajojinta.

"Wagga tana matse hoto ya koma ƙarami, don masu cika fom. Wagga tana share tarkace, kwamfuta ta yi sauri. Wata kuma na gwada shekaranjiya, ta cika man allo da talla, nik kore ta. Ko kwabo ban biya ba!"

"Wadda ke sa tsuntsu fa?"

"Ta tsara takardu? Kwana tara da saukowa da ita. Kyau gareta, tsuntsun kawai ke ɓata man rai."

"Kwana tara." Sufeto ya aje rasiɗin gabanta. "To wanga tsuntsu ya aka yi yas sauka ga takardar shekara biyu?"

Tad dubi takarda, tad dubi ƙofa. "Ba ni kaɗai ke da ita ba duniya."

"Gaskiya ne. Amma ke kaɗai ce na ga kina duban ƙofa."

Ta cire tabarau ta goge, tam maida. "Yallaɓai, wallahi wani mutum ne yaz zo, cewa yay yi ruwa ya ci nashi na asali, in buga mai wani. Ban san sunanai ba. Da hular sanyi yaz zo har gira. Da nig gama yat tsaya kaina, yac ce in goge komi. Nig goge, har kwandon shara na kwamfuta ya sa na zubar."

"Lambar injin fa, da ka yak karanto maki?"

"Ina! Cewa yay yi harufan sun yi mai ƙanana. Hoto yat turo daga wayatai." Sai taz zaro ido. "Tsaya! Jiya-jiya na sauko da wata, wai tana maido abin da anka goge. Ban samu abin gwaji ba sai yau!"

Tsoro ya tafi, zumuɗi ya zo. Ta ja kujera, ta kama linzamin kwamfuta, ta danna. Wani koren layi yaf fara rarrafe a allo.

"Har yaushe?"

"Ni ma yau na fara ganinta, Yallaɓai."

Layin ya kai rabi, wuta tad ɗauke. Safinatu ta yi salati, taf fita da gudu ta tada janareta, anka koma farko. Sufeto na kai da komo cikin shago, yana duban agogo. Da layin yac cika sai hotuna sunka zubo: amare, ɗalibai, wani Alhaji da ragonai, katin suna. Wasu rabi ne, wasu baƙi ƙirin.

"Ga shi!" Har da tafi.

Injin ne, ja, kafin a yi mai fenti. Ga lamba, gefenta ga zane uku raɗau. Bayanai bango ne mai baƙin mai, an rubuta da farin fenti: TASI'U MAI IN. Sauran rubutun hoton ya yanke shi. Kwanan hoton kuwa, kwana biyar kafin sata.

"Buga man shi. Babba."

"Da tsuntsu zai fito fa."

"Ya fito da 'ya'yanai ma."

La'asar sakaliya Sufeto ya tara su a harabar ofis, injin na tsakiya. Ya miƙa ma Tasi'u hoton.

"Tun bara, ko?"

Tasi'u ya duba, ya juya takardar baya kamar amsa na can. "Ai na gani da idona ta goge shi!"

Kofur ya sheƙe da dariya, wanga karon ba Tukur yake ma ba.

Haliru ya yi wuf yac ce, "Yallaɓai, shi yak kawo man! Shi yac ce in ce mutumin Kajiji!"

"Za ka maimaita a rubuce. Tasi'u, ina jinka."

Tasi'u ya durƙushe. Yac ce da injin yaz zo gyara yag ga lafiyayye ne, ya kuma san tsohon ba shi da takarda. Yad ɗauki hoto, yat tafi Bodinga inda ba a san shi ba. Ya san inda Tukur ke rufe injin da ciyawa, don shi da kainai yat taɓa kai mai shi. Ya goge zanen da magagari, yay yi fenti, takardar kuma ya kwana biyu da ita cikin takalmi don ta tsufa.

Anka sa mai ankwa. Sufeto ya shiga wurin D.P.O., yaf fito da takarda: Tukur ya tafi da injin yau, ranar kotu ya kawo shi. Tukur ya dangwala yatsa.

"Bari in ji shi tukuna," in ji tsohon. Ya nannaɗe hannun riga, yaf fizgi igiya. Shiru. Ya sake, ya sake, har sau bakwai, gumi na zuba. Injin ko tari bai yi ba.

Kofur ya kai Tasi'u bakin ƙofar sel, sai yaw waiwayo, bakin bakanike ya ƙi haƙuri.

"Baba, ka cika mai fetur! Buɗe cok, ka ba shi numfashi kaɗan, sannan ka ja sau ɗaya!"

Tukur ya yi yadda anka ce. Injin ya yi tari biyu, yak kama da ƙarfi, hayaƙi ya cika haraba, kajin maƙwabta sunka watse.

Tsohon ya ɗaga hannu yadda ya saba. "Tasi'u, Allah shi yi ma al..." Sai yat tsaya, ya dubi ankwar. "Allah shi shirye ka dai."

Kofur ya tura shi ciki, yaj ja ƙofa. Tukur kuwa tuni yana ƙwala ma mai babur kira, a ɗaure mai inji, Mandera kafin magariba.