Ƙanƙarar Da Ta Tsallake Ɗaki Ɗaya

Ba ƙanƙara ba ce. Badaru ya gane haka tun bai gama tsugunawa ba.

Yana kan rufin gidan Alhaji Hassoumi a garin Pleasant Garden na Amurka, da alli a hannu. Aikinsa ke nan a kamfanin inshora: in an ce ƙanƙara ta ɓata rufi, shi ake turawa ya duba. Rufin irin na nan ne, fale-falen kwalta da ake kira shingul, kuma ya daɗe da mutuwa. Bakin fale-falen ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Yashin da ke kare kwaltar daga rana ya zube ya cika indararo, wurare da yawa sun yi sanƙo, baƙi ƙirin. A kan wannan tsohuwar fata wani ya bi da guduma.

Ƙanƙara ba ta zaɓe. Takan bugi indararo da murfin bututu da motar da ke ƙofar gida. Nan kuwa babu ƙarfen da ya lotsa. Tabon duk girmansu ɗaya, kowanne a tsakiyar falle.

Hajiya Tchima, matar Alhaji, ita ta fara ba Badaru tuwo a ƙasar nan, ga shi ko sadakar arba'in ɗinta ba a yi ba. Takardar neman diyya kuwa ɗansu Rachid ne ya sa mata hannu, shi da yake jiran zama ɗan ƙasa. In aka rubuta zamba da sunansa, sai a sa shi a jirgi a mayar da shi gida.

Badaru ya fara bincike da Bernard, ɗan Kafanchan mai aikin rufi, wanda ya bi unguwar yana ƙwanƙwasa ƙofofi bayan hadarin. Ya same shi a wani gidan abinci a High Point Road, yana fama da sakwara.

"Kai ka hau rufin Alhaji?"

"Na hau. Na ce masa, Baba, rufin nan ya ci zamaninsa, faci ba zai yi ba, sai sabo."

"Shi ke nan?"

"Ya ce inshora za ta biya? Na ce ba sa biyan tsufa, sai ƙanƙara."

"Sai ka samo masa ƙanƙarar."

Bernard ya ajiye loma. "Haba, Oga Badaru, ka raina ni! Guduma? Yaran da ke wannan aikin a unguwar Sedgefield ƙwallon golf suke sawa a safa, su bi har indararo su lotsa. Wanda ya yi maka wannan bai taɓa cutar kowa ba a rayuwarsa."

Rachid yana lodin kaya a wani sito. Ƙato ne, damtsensa kamar taɓarya. Badaru da Hausa yake tambaya, shi yana haɗawa da Turanci.

"I swear, Kawu, ban taɓa hawa ba. Baba ya ce hail ce, na cike form."

"Kana ina ran da aka yi hadarin?"

"Aiki. Nan ma an yi ƙanƙara, shi ya sa ban yi doubt ba." Ya share gumi. "Am I in trouble?"

Badaru ya dubi hannuwansa. Da wannan ne ya bugi ruɓaɓɓen shingul, da ya huda shi har katako. Bugun da ke kan rufin na mai ƙaramin ƙarfi ne. Ya dubi ƙafarsa kuma: takalmi mai bakin ƙarfe. Yaron da ko a falo ba ya tafiya sai da silifa.

Ya koma rufin bayan azahar, ya zagaye kowane tabo da alli. A inda kwalta ta yi sanƙo, rana ta tausasa ta, ya ga sawu: yatsu biyar da diddige, babu takalmi. Ya miƙe ya ja da baya. Alli ya cika ko'ina, ban da kusurwar gabas. Can babu tabo ko ɗaya, babu sawu, kamar an shata da igiya. Kuma can ne rufin ya fi lalacewa, har ya ɗan lanƙwasa.

Ya sauko, ya yi sallama, ya nemi izinin ganin ɗakin da ke ƙarƙashin wurin. Ɗakin Hajiya ne, inda ta yi jinya, ga gadonta a gyare. Silin ya yi shatar ruwa ruwan ƙasa. Bokiti a gefen matashi. A kan kanta, daidai saitin kai, Alƙur'ani a cikin gafaka.

Alhaji Hassoumi yana zaune a baranda da carbi, ƙafafunsa a kan buzu. Badaru ya durƙusa ya gaishe shi, ya sake yi masa ta'aziyya, sannan ya ce:

"Baba, a can gida Tahoua in za a yi wa soro yaɓe kafin damina, da takalmi ake hawa?"

"Wa zai hau da takalmi? Ai sai ya fasa rufin."

"Bernard ba ya cire nasa. Rachid ma haka. Kuma da ɗayansu ne, da ɗakin Hajiya zai fara, don can ne ya fi buƙata. Mutum ɗaya na sani da ba zai taka saman mara lafiya tana kwance ba, ga Alƙur'ani a kanta."

Carbin ya tsaya.

"Bon," in ji Alhaji da Faransanci. "Ruwa yana ɗiga mata a fuska, ɗana. Na ce mu mayar da ita falo, ta ce a ɗakinta za ta jira Ubangijinta. Kuɗin duk asibiti ya cinye. Ƙanƙarar kuma da ta zo, ƙanana ce, ko ganye ba ta yaga ba. Da yaron ya tafi aiki washegari, sai na sa tsani."

"Ba ta ji ba?"

"Ta ji. Da na sauko ta ce, Alhaji, ƙanƙara ce da rana tsaka? Na ce i. Ta ce Allah ya sa ta alheri ce." Ya dubi tafin hannunsa. "Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi mata ƙarya ba. Wannan ce ƙaryar farko, kuma da ita ta tafi."

Badaru ya sunkuyar da kai.

"Ku ce wa Rachid ya kira kamfani yau ya janye takardar. Ni abin da na gani zan rubuta: rufi ya tsufa, tabon ba na ƙanƙara ba ne. In suka tambaye ni wa ya yi, ba zan ɓoye ba."

"Kada ka jira su tambaya. Sa sunana. Yaron bai san komai ba."

"To, Baba." Ya miƙe, sai kuma ya tsaya. "Amma rufin sai an sake shi kafin sanyi. Zan yi magana a masallaci ran Juma'a, a haɗa hannu. Da kun faɗa tun farko, da an yi."

Alhaji ya juya ya dubi tagar ɗakin gabas.

"Bar shi, ɗana," ya ce. "Wa zai jiƙe yanzu?"