Zakaran da Zulai Ta Zaɓa

Sufyanu ya sayi ɗan tsako a hannun Zulai mai kaji a kasuwar Bukkuyum.

Zakara yake so. Tun rasuwar Innarsa, gidansa na Nasarawa Burkullu ya yi shiru, ba mai tashinsa da asuba. Zulai ta dubi saurayin, ta kama tsako ta ƙafa, ta juya shi kai ƙasa.

"Zakara ne, Malam. In bai yi cara ba, ka maido shi garinmu Yargalma."

Ta ba shi lambarta.

Damina ta sauka. Yakan dawo gona ya zuba tsaki, ya zauna shi da tsakon. Wata rana ya rubuta mata: "Mai kaji, tsoron kansa, jan zankon nan, bai fito ba. Wutsiyar ma gajera."

Ta amsa: "Haƙuri, maigidan zakara. Kai ka ci abinci?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Rabon da a tambaye shi haka, tun Inna.

Ya tura kawunsa neman aurenta. Malam Abubakar, mahaifinta, ya ce ba ya kai ɗiyarsa gidan da ba hayaƙi, ga Kamalu mai babur yana jira. Mahaifin ya karɓe wayarta. Sufyanu ya yi ta rubutu ba amsa, ya ɗauka ta zaɓi babur.

Da kaka, zakara ya yi ƙwai.

Sufyanu ya rungumi kazar har Yargalma, ya durƙusa a zauren Malam Abubakar.

"Baba, zakara na saya, kaza ta fito. Na maido, yadda muka yi da ita."

Tsohon ya duba ƙafa, ya duba wuya, ya kira Zulai.

"Ke, tun kina ƙarama ba ki taɓa kuskuren tsako ba. Mi ya faru ga wagga?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, in da zakara ne, da bai zo ba."

Malam Abubakar ya miƙa wa Sufyanu kazar.

"Tafi da abarka. Ka turo kawunka."

Aka ɗaura aure bayan girbi. Tsohon ya sa musu albarka, hayaƙi ya tashi a gidan Sufyanu. Da la'asar Zayyad, abokin ango, ya cafke kazar zai yanka wa amarya.

Zulai ta leƙo daga ɗaki, da lulluɓi a kanta.

"Aje ta, Zayyad. Wagga ba ni ci."