Ɗalibar Bayan Kududdufin Kuza

Ku matso kusa. Wanda ya san zai yi kuka ya tafi ɗaki tun yanzu.

A Jos akwai wata Malama Rifkatu, makaɗiyar fiyano. Shekara talatin tana kiɗa a manyan ɗakunan taro, daga Legas har ƙasar Turai. In ta ɗora yatsunta, ko tari ba a yi. Da girma ya zo sai ta dawo gida tana koyarwa. Ba ta da wasa. Ɗalibi ya yi kuskure, sai ya koma farko.

Wata Alhamis bayan la'asar, wata doguwar mace ta yi mata sallama.

"Malama, muna da fiyano a gida, babu mai koya mana. Nan ne bayan tsohon kududdufin kuza."

Mota ba ta shiga wajen, sai suka taka. Matar na gaba, zaninta yana jan ƙasa. Da suka wuce ruwan, tsuntsaye suka yi tsit. Rifkatu ta lura sawun mutum ɗaya take ji. Nata.

Tsohon gidan Turawan kuza ne, rufinsa ya rufta, ciyawa har taga. Amma fiyanon da ke tsakar falon ƙal yake, ko ƙura babu.

"Ina ɗalibar?"

"Ni ce."

Leɓen matar ya riga ya rufe kafin muryar ta iso.

Ta zauna ta fara kiɗa. Nan take Rifkatu ta gane shi. Kiɗanta ne, wanda ta tsara da kanta bayan rasuwar mijinta. Ba ta taɓa rubuta shi ba, ba ta taɓa kaɗa wa kowa ba. Ta dubi hannun matar. Ta ƙirga yatsun, ta sake ƙirgawa. Bakwai-bakwai. Ta sunkuyar da ido ƙasa, wajen abin takawa na ƙasan fiyanon. Dugadugan matar ne a gaba, yatsun ƙafar suna kallon baya.

"Mun daɗe muna sauraronki ta bango," in ji matar, ba ta juyo ba. "Komai na iya. Amma nawa kiɗan sanyi gare shi, naki da ɗumi. Ba ni hannuwanki."

Rifkatu ta dubi ƙofa. Ta kira sunan Allah a zuci. Gudu ba zai yi ba, gwiwoyinta sun tsufa. Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska kamar yadda take yi wa ɗalibanta.

"Kin yi sauri a tsakiya. Koma farko."

Matar ta tsayar da kiɗan.

"Malama kika kira ni. Ɗalibata ba ta tashi sai ta kai ƙarshe. A hankali. Ina ji daga waje."

Sai matar ta ɗora yatsun nan ta fara.

Rifkatu ta fita. Ta san tsawon kiɗan, minti goma sha ɗaya ne. Hanyar kuwa ta fi haka. Tana sauri, tana ƙirga sautin a ranta. Ƙaya ta kama zaninta, ta fizge. Rana ta yi ja. Ta wuce ruwan, ta hango kwalta, har ta ga wata mai gasa masara.

Kiɗan ya ƙare.

Taku biyar ya rage ta kai kwalta. Huɗu. Wani abu mai sanyi kamar ƙanƙara ya riƙe ƙaramin yatsanta na hagu.

"Ko wannan ma ya isa," aka raɗa mata a kunne.

Ta faɗa kan kwalta. Mai masara ce ta ɗaga ta.

Yatsan yana nan, bai ko ƙuje ba. Amma bai sake lanƙwasuwa ba, kuma ko a wuta aka kara shi, sanyi ƙalau. Ba ta ƙara hawa dandamali ba. Da yatsu tara ta ci gaba da koyarwa har ta rasu.

Masu wanki a kududdufin sun ce har yau, in rana ta kusa faɗuwa, ana jin fiyano daga cikin ciyawa. Duk sautukan sanyi gare su, sai guda ɗaya da ke fitowa da ɗumi kamar muryar mutum.

In kun ji shi, kada ku tsaya saurare. Kuma kada ɗayanku ya kuskura ya bi hanyar nan shi kaɗai.