Manuniyar Abarci

Ana gab da magariba Dela sakatariya ta ɗauki jakarta.

"Malam Zaharaddini, ba a aikin matattu da almuru."

"Layi ɗaya ya rage, Yaya Dela."

An ɗauko shi ne ya kwashe rajistar mamata zuwa sabuwar na'ura a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Dakoro. Kowane mamaci yana da takardarsa a ciki, da kuma manuniya. Ita manuniya ba ta ƙunshi komai ba, yatsa ce kawai mai nuna inda takardar take. Kwashewar ta ɓata kwanan watan manuniyoyin, shi yake gyarawa. A umarnin da yake ba na'urar akwai harafi guda, h, mai hana na'ura bin yatsar har ta kai ga takardar.

A kan suna na ƙarshe ya manta da harafin.

Abarci, mahaƙin rijiya na ƙauyen Mai Yara, ƙasa ta rufta masa a 2011. Na'ura ta bi yatsar, yanzu takardarsa ta koma ɗauke da kwanan yau.

Panka ta tsaya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali rabon garin da ruwa wata biyar. A bayan kujerarsa wani abu yana ɗiga.

Ɗis. Ɗis.

"Ɗan nan," in ji wata murya mai cike da yashi, "na riga na mutu sau ɗaya. Yau kuma?"

Bai waiwaya ba. Ya buɗe tsohuwar ajiyar rajistar, ya samo kwanan asali. Igiya mai sanyi ta gogi wuyansa.

Ya rubuta. Ya danna.

Muryar ta ce, "Ranar mutuwar da ka kira fa? Ba ta komawa hannu sake."

Sai ladan ya ɗaga murya. Zaharaddini ya fice, ya bar takalminsa ɗaya a ciki.

Da safe takardar Abarci na nan daidai. Amma rajistar ta ƙaru da manuniya ɗaya, mai sunan Zaharaddini, tana nuna takardar da ba a rubuta ba tukuna. Ya goge ta, ta dawo. Ya sa tafin hannu ya rufe wajen kwanan watan.

Dela ce ta duba. Ba ta faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba. Tun ranar dai ta daina yi masa faɗa in ya makara, kuma da la'asar takan ce, "Tafi gida, Malam. Yaranka na jira."