Garin da Ya Nutse Sau Biyu

Ka taɓa ganin abin da ba ka sani ba, ka ce ai ba shi da amfani? Ka taɓa share shi ba tare da ka tambayi kowa ba? To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani yaro a garin Kafue, a ƙasar Zambiya.

Yaron yana ajin ƙarshe na firamare. Ya iya kwamfuta sosai. Idan waya ta ƙi aiki a gidansu, shi ake kira. Har suna aka sa masa, wai Injiniya. Wannan ya sa kansa ya ɗan kumbura.

Yana da kawu mai suna Milimo, ƙanen mamarsa. Kawu Milimo yana da wata manhaja a kwamfutarsa. A cikinta yake tara tarihin dangi. Wane ya haifi wane, a ina aka haife shi, a ina aka binne shi. Ya daɗe yana wannan aiki. Yakan je wurin tsofaffi, suna faɗa yana rubutawa. Da yawa cikinsu sun riga sun rasu.

Ranar Asabar dangi za su taru a gidan. Za a buga tarihin a babbar takarda, a manna a bango kowa ya ga asalinsa.

Ranar Talata Kawu ya kira yaron.

"Injiniya, zo ka taya ni aiki. Ka ga sunayen garuruwan nan? Kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Wani ya rubuta Lusaka cikakke, wani ya gajarta. Manhajar ta ɗauka garuruwa daban-daban ne."

"Ai wannan ba aiki ba ne, Kawu," in ji yaron.

"Saurara tukuna. Ka daidaita su, kowane gari ya zama iri ɗaya. Amma wanda ba ka gane ba, ka bar shi. Idan na dawo ka tambaye ni. Ka ji?"

"Na ji."

Bai ji ba. Idonsa yana kan kwamfutar.

Da farko aiki ya tafi lafiya. Ya gyara Lusaka. Ya gyara Choma da Monze. Duk sunan da ya gyara, sai jan ɗigon da ke gefensa ya koma kore. Abin ya yi masa daɗi.

Sai ya iso kan wasu sunaye uku. Siamaluba. Nakoonze. Mwanakaba. Mutane da yawa an ce a can aka haife su. Kowane da jan ɗigo. Manhajar ta rubuta, "Babu wannan wuri a taswira. Zaɓi wani."

Yaron ya duba taswira da kansa. Babu su.

"Kai, Kawu ma dai," ya ce. "Wannan ai shirme ne."

Ya yi ɗan tunani. Kowa ya san ƙauyensu Lusitu ne. Can suke zuwa duk Kirsimeti. Can gonar Kaka take. To, ina kuma za a haifi tsofaffin gidansu in ba can ba?

A waje abokansa suna kiransa ƙwallo. Ya zaɓi sunayen uku gaba ɗaya. Ya rubuta Lusitu. Manhajar ta tambaye shi, "Ka tabbata? Ba za a iya dawo da su ba." Ya danna "E". Ya danna "Ajiye".

Duk jan ɗigon ya ɓace. Shafin ya yi kore shar. Ya fita da gudu.

Da yamma ya ɗauki kwamfutar ya nufi wurin kakarsa, Namoonga. Tana zaune a ƙarƙashin mangwaro, tana tsince ƙananan kifin kapenta a faranti. Ta zo daga ƙauye ne saboda taron.

"A'a, maigidana ne?" in ji Kaka. Haka take kiransa kullum don wasa. "Me ka kawo wa matarka?"

"Na kawo miki sunanki a kwamfuta. Bari in karanta miki. Namoonga, 'yar Siachoma. An haife ta a Lusitu."

Hannun Kaka ya tsaya cak a cikin faranti.

"Sake faɗa."

"An haife ta a Lusitu."

"Wa ya faɗa?"

"Ni na gyara, Kaka. Da an rubuta wani suna da babu shi a duniya."

Kaka ta ture farantin. Kifi ya watse a ƙasa, kaji suka yo kansa. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Babu shi a duniya? Siamaluba ce babu a duniya? To, ni daga sama na faɗo?"

Yaron ya ja da baya. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

"A Siamaluba aka binne cibiyata! A bakin Zambezi! Ina yarinya aka datse kogin a Kariba. Aka zo da manyan motoci aka kwashe mu kamar buhunan masara. Ruwa ya haɗiye gidanmu. Ya haɗiye gonarmu da kabarin kakanmu. Ka san ina motar ta zubar da mu?"

Yaron ya girgiza kai.

"A Lusitu! Inda ƙasa ba ta san mu ba. Inda ƙanena Choolwe ya mutu tun ba mu gama yin rumfa ba. Shi ne yau ka ce can aka haife ni?"

Mama ta fito daga kicin da muciya a hannu. Daidai nan Kawu Milimo ya shigo. Ya karɓi kwamfutar. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya juyo wurin yaron.

"Me na ce maka da safe?"

Yaron ya juya yana kallon Mama.

"Da kai nake magana! Me na ce maka?"

"Ka ce wanda ban gane ba in bari."

"Ka bari?"

"Manhajar ce ta ce babu su a taswira."

"Manhajar ce kakarka? Ba su a taswira domin suna ƙarƙashin ruwa! Tsofaffin da suka faɗa mini wa aka haifa a ina, rabinsu suna kabari. In je in tashe su?"

"Kai ma Milimo, dakata," in ji Mama. "Aikin shekaru, amma ba ka ajiye kwafi ba? Sai ka miƙa wa yaro ka tafi yawo?"

"Yaya, kada ki juyo da maganar kaina!"

"Zan juyo da ita! Ku biyun duk kanku ɗaya."

Kaka ta miƙe a hankali. Ta kaɗe zanenta.

"Ku daina mini ihu. Milimo, ka cire sunana daga takardar nan. Ba zan zauna a taron da za a manna ƙarya a bango ba. Gobe ka sa ni a mota in koma. Turawa sun nutsar da garinmu sau ɗaya. Yau jikana ya nutsar da shi karo na biyu."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Yaron ya kasa cin tuwo. Haushi yake ji. Yana jin haushin manhajar. Yana jin haushin Kawu. Har ƙwallon ma haushinta yake ji. Ya je kicin ya sami Mama.

"Ai ba laifina ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wani gari a cikin ruwa."

"Gaskiya ne, ba mu gaya maka ba," in ji Mama. "Wannan laifinmu ne. Amma an ce ka tambaya. Ka tambaya?"

"A'a."

"Me ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka na sani."

"To, nan laifinka yake. Ka san abin da za ka yi."

Da safe ya tarar Kaka ta ɗaure kayanta. Ya durƙusa a gabanta, ya tafa hannu a hankali, yadda ake gaida manya.

"Kaka, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta kawar da kai.

"Kaka, ban san Siamaluba ba. Ki nuna mini ita."

"In nuna maka? Ka iya nutso ne?"

"A'a. Amma ke kin san inda take. Idan kika tafi, babu wanda zai mayar da ita."

Kaka ta juyo ta dube shi. Sai ta yi tsaki.

"Miƙo mini sandar can, sarkin wayo."

Ta fita tsakar gida. Ta ja dogon layi a ƙasa mai lanƙwasa.

"Ga Zambezi. Kawo duwatsu."

Ta ajiye dutse ɗaya. "Siamaluba. Akwai babbar kuka a nan. Ni da Choolwe a nan aka haife mu." Ta ajiye na biyu. "Nakoonze, inda rafi ke shiga kogi. Babana ɗan nan ne." Ta ajiye na uku can gaba. "Mwanakaba. Masu sassaƙa kwalekwale. Ba su iya noma ba, sai surutu."

Yaron ya zana komai a takarda. Kawu ya kawo kwamfuta ya zauna a kan turmi. Yana kiran sunan mutum, Kaka tana nuna dutse da sanda, yaron yana rubutawa.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke.

"Kun gani ko?" in ji Kaka. "Sun nutsar da gari guda don su yi wuta. Wutar ma ba ta zama."

Mama ta fashe da dariya. Shi ma Kawu ya kasa riƙe tasa. Suka ci gaba da ɗan cajin da ya rage.

Amma Kaka ba ta tuna kowa ba. Da aka zo kan wata gwaggonta, sai ta rasa dutsen da za ta nuna. Aka kira ɗan'uwanta Hamweene a waya, wani tsoho da ke can Lusitu.

"Hamweene! Kurman banza, kana jina? Gwaggo Mukanjila a ina aka haife ta?"

"A Nakoonze mana!" in ji murya daga wayar.

"Ƙarya kake! Aure ne ya kai ta Nakoonze!"

"Ke da kike goye lokacin aurenta, me kika sani?"

Suka yi ta musu har kunnen yaron ya gaji. Ba su daidaita ba. Yaron ya ɗaga hannu zai rubuta, sai ya tsaya.

"Kawu, wannan ba mu sani ba. Kada mu cika da ka. Mu rubuta cewa ba a tabbatar ba."

Kawu ya dube shi. "Yanzu ka fara zama injiniya."

Saura matsala ɗaya. Da sunayen suka dawo, jan ɗigon ma ya dawo. Wannan karon yaron bai yi gaggawa ba. Ya karanta bayanin manhajar a tsanake. Ashe akwai wurin da mutum zai ƙara garin da babu a taswirar yau. Tun jiya wurin yana nan. Shi ne bai duba ba.

Ya rubuta, "Siamaluba, Kwarin Gwembe, Zambiya. Yanzu tana ƙarƙashin ruwan Kariba." Ya yi wa sauran biyun haka, kowane iri ɗaya. Ya ɗauki hoton zanen da ya yi, ya haɗa da su. Sannan ya ajiye kwafi a wayar Mama, ba wanda ya sa shi.

Ranar Asabar gida ya cika. Aka manna babbar takardar a bango. Kaka tana zaune a gaba, ta kwance kayanta tun ranar Laraba. Ta ce a kira mata yaron.

"Karanta mini. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya gyara murya. "Namoonga, 'yar Siachoma. An haife ta a Siamaluba."

Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Ina ne Siamaluba?"

Kaka ta miƙa wa yaron sandarta.

"Ku tambayi maigidana. Shi ya tsamo ta daga ruwa."

Ya ja layi a ƙasa. Ya ce yara su kawo duwatsu uku.

Daga ranar ya koyi darasi. Abin da ba ka sani ba, ba shi ne abin da babu ba. Kwamfuta tana sanin abin da aka gaya mata ne kawai. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka share, kada ka cika da ka. Ka tambaya.

Kai fa, ka san inda aka haifi kakarka? Ba inda take zaune yanzu ba, inda aka binne cibiyarta. Wataƙila ƙauyen ya tashi. Wataƙila an canza masa suna. Yau idan ka ajiye wannan labari, ɗauki biro ka je wurinta. Ka tambaye ta sunan wurin, ka rubuta shi yadda ta faɗa, sannan ka karanta mata ta ji.