Furen da Ba a Bayarwa

Ta tagar ɗakin ɗinkinta ta fara hango shi, tsugune a filin bayan gidansu yana shuka. Tun da aka rufe wurin narka tsoffin batura, ko akuya ba a bari ta shiga filin nan. A nan ƙaninta Auta ya riƙa wasan ƙasa har gubar dalma ta yi ajalinsa, kuma har yau in iska ta kaɗa ƙofar baya, sai Mama ta ɗago kai kamar shi ne zai shigo.

Ta fita a fusace. "Malam, ka san inda kake tonawa kuwa?"

"Na sani," ya ce. "Furen kallon rana nake shukawa. Saiwarsa na zuƙe dalma daga ƙasa, in ya girma mu tumɓuke mu kwashe."

Faɗa ta zo yi, sai ga ta riƙe da butar ban-ruwa. Kafin filin ya yi rawaya, tana kiransa Manomina, shi kuma yana kiranta Telata.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: bai taɓa ba ta fure ba. Ranar da ta ga wata mai mota ta karɓi dami guda a hannunsa, ta tura masa saƙo: "Ashe furen da masu shi. Allah ya bar ku tare."

Nan take ya amsa: "Telata, ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu ce. Furen nan guba ya sha ya ƙoshi. Ba zan miƙa wa wadda nake so abin da ya kashe ƙaninta ba."

Ta yi kuka har ta jiƙa yadin mutane.

Saura Baba. Shi ya yi shekaru yana narka batura a wurin don ya ciyar da su, kuma tun rasuwar bai sake bi ta bayan gidan ba.

"Ba zan ba shi ke ba," ya ce. "Kullum sai ya tono mini yaron."

Ranar tumɓuka, ta hango Baba tsaye a bakin filin, ya daɗe bai motsa ba.

"Yaro, da gaske abin yana fita?"

"Yana fita, Baba, amma a hankali. Sai an yi ta shukawa shekara da shekaru."

"Ba ni safar hannu."

Kai tsaye ya nufi kusurwar da Auta ke wasa, ya yi ta tumɓuka hawaye na zuba. Da ya gama, bai dubi kowa ba ya ce, "Turo manyanka."

Ranar aure ango ya zo da fure ɗaya da ya raina a tukunya, cikin ƙasa mai tsabta, ya miƙa wa amaryarsa. Mama ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu wasa a filin nan." Ta tashi da kanta ta buɗe ƙofar baya.